Motar da Baba Tela Bai Ji Ba

Kafin komai, ku yafe mini ƙarfin hali. Ni mai karatu ce, ba mai rubutu ba, ko a aji ba na ɗaga hannu sai an kira ni. Wannan ne karon farko da na rubuta abin da ya wuce shafi biyu. Inda kuka ga na yi tuntuɓe, ku tsallake ku ci gaba.

*

Da sassafe aka tsinci Baba Tela kwance a bayan dogon benen da yake zaune, tsakanin jerin gareji da igiyoyin shanya, ƙafarsa ta hagu a karye, sandarsa can gefe. Tsoho ne mai raunin gani. Tun da idanunsa suka yi hazo ya rufe keken ɗinkinsa, ya koma zagaya harabar gidan kullum kafin rana ta fito, yana bin bango da sanda, sauran duniya kuma da kunne.

Wanda ya tsince shi Mai Burodi ne, direban tsohuwar farar motar da ke kawo kaya shagon ƙasan bene. Shi ya ciccibe shi ya kai asibiti. Kafin ya dawo, mutanen gidan sun gama yanke masa hukunci.

Maigadi ya rantse babu motar da ta shiga ko ta fita da safen nan sai ta burodi. Wata ta leƙo daga hawa na uku ta ce dama ita ta sha faɗa, gudun mutumin nan ya yi yawa. Wani ya nuno lotsawa a gaban motar. Shi kuwa Baba Tela, da ya farfaɗo, cewa ya yi mota ce ta buge shi, amma bai ji zuwanta ba. Aka kalli juna. Motar burodin da tarinta ke tayar da jarirai har hawa na sama, a ce bai ji ba? Aka ce bugun ne ya taɓa kan tsoho.

Ciyaman, shugaban mazauna gidan, ya karɓe makullin motar ya sa a aljihu. Ya ce ranar Asabar za a zauna, in Mai Burodi bai amsa laifinsa ba a miƙa shi ga 'yan sanda. Gidan burodin kuma suka aiko cewa ya zauna a gida tukuna.

*

Malama ba don wannan ta zo ba. Ita malamar lantarkin mota ce a kwalejin koyon sana'a, gajeriya, mai tabarau da igiya a wuya, ba ta rabuwa da 'yar tocila. Ɗalibanta na kiranta mai bin sawu, domin in aka kai ta duba mota ba ta fara kallon motar, ƙasa take fara dubawa.

Ƙanenta ne ya kira ta, wanda har yau gida ke ce wa Auta ko da yake ya yi tumbi ya yi ofis. A hawa na biyu yake zaune. Maƙwabciyarsa, Matar Likita, ta sa motar marigayi mijinta a kasuwa, shi kuma barci ya gagare shi saboda son ta.

"Yaya, sai kin gan ta," ya ce suna gangarowa. "Baƙa wuluk, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi. Haibirid ce, tana shan fetur tana shan wuta. Ga fatar kujeru, ga faɗin ƙugu..."

"Aure za ka ƙara ko mota za ka saya?"

"Ke dai ba kya raina abin tsiya. Kuma a araha aka bar mini."

"Arahar ce ta fito da ni daga gida," in ji Malama.

Ɗan marigayin ne ya buɗe musu garejin, saurayi mai tsawon da sai ya sunkuya a ƙofa, kowa Dogo yake ce masa. Ya kama bakin tamfol zai yaye, Malama ta ɗaga masa hannu. Ta tattare zanenta ta durƙusa, ta haska ƙasa.

"Yaya, motar tana sama fa."

Ba ta kula shi ba. A jikin bango akwai tsohon keke, gizo-gizo ya saƙe shi da bangon tun daga sirdi har ƙafa. Bokiti, tsintsiya, kwalin littattafai, duk ya ɗaure su. Amma tsakanin tayoyin motar da siminti babu ko zare ɗaya.

"Yaushe rabon da a tayar da ita?"

"Tun rasuwar Baba," Dogo ya ce. "Wata da watanni ke nan. Buɗe ta kawai na yi ranar da na nuna wa Kawu." Ya nuna Auta.

Ta zura hasken ta tsakanin ƙarafunan taya. Faifan burkin motar da ta daɗe a ajiye ja yake yi da tsatsa. Waɗannan sai sheƙi suke.

Aka yaye tamfol. Auta ya yi ajiyar zuciya kamar an buɗe masa fuskar amarya. Malama ta shiga, ta zame zuwa bakin kujera don ƙafarta ta kai burki, ta danna maɓallin tayarwa. Fitilun gaba suka kawo. Shiru.

"Wayyo, ba ta tashi ba," in ji Auta.

"Ta tashi. Haka suke. In kana tafiya a hankali batir ne ke jan ta, inji yana barci, sai ka taka sosai yake farkawa. Ka saurare ni da kyau, Auta. A irin wannan mota, fata da fenti kwalliya ce. Ranta babban batirin da ke bayan kujerar baya. In ya mutu, ka sayi ɗakin zama mai taya huɗu."

Ta ciro 'yar na'ura daga jaka ta soka ƙarƙashin sitiyari, ta daɗe tana kallon wayarta. Batirin lafiya ƙalau, ƙananan gidajen wutarsa duk kai ɗaya, babu wanda ya gaza 'yan'uwansa. Ta leƙa ƙofar iskar da ke sanyaya shi a gefen kujerar baya, ba ta toshe ba. Ta ɗaga bonet ta duba mai, ta shinshina, ta bi fenti da tafin hannu daga gaba har baya. A kusurwar hagu ta bamban baya, wanda ke tare karo, ta tsaya. Bakinsa ya ɗan saki daga mazauninsa, wurin kuma ya fi ko'ina tsafta, kamar an goge shi da tsumma an sake gogewa.

"Yaya dai?" Auta ya tambaya. "In kawo kuɗi?"

"Ka kawo mini ruwa."

Ba ta gaya masa abin da ke damunta ba. Batirin da aka yi wata da watanni ba a waiwaye shi ba, ba ya tashi da danna ɗaya. Wani yana kula da motar nan, kuma ba ya so a sani.

*

A wurin cin abinci matar Auta ta ba ta labarin Baba Tela, har da kwaikwayon muryarsa: wai mota ta buge shi bai ji ta ba. Auta ya yi dariya. Malama ta ajiye cokali.

Tsohon yana ɗakin 'yarsa a ƙasan bene, ƙafa cikin farin siminti, an ɗora ta kan matashi.

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata. Muryarki baƙuwa ce. Ke ma kin zo ki ce in sha magani in kwanta?"

"Ni yayar Auta ce, na hawa na biyu. Na zo in ji abin da ka ji."

Ya juyo da fuskarsa sosai. "Ke ce ta farko. Kin ga, ni motocin gidan nan duk na san su. Ta Ciyaman tana da ƙugi kamar mai mura. Ta ƙanenki bel ɗin injinta na kuka, ki gaya masa. Ta burodi kuwa tun daga kwanar titi nake matsawa in ba ta hanya. Rannan ba ƙarar inji. Tsakuwa kawai na ji tana ƙaras-ƙaras a bayana, da wani siririn kuka, kamar sauro a cikin kwalba. Ina cewa mene ne wannan, sai ga ni a ƙasa."

"Daga nan fa?"

"Sauron ya koma inda ya fito. Can sai na ji tarin motar burodi, na ce Alhamdulillahi. Na faɗa musu, sun ce ruɗewa ce. Mutum in idonsa ya tafi, sai a ɗauka da hankalinsa suka tafi."

"A ina ƙafar ta karye?"

Ya shafa ƙasan gwiwa. A gefen gadon akwai kular abinci mai fure, ba a buɗe ba.

"Matar Likita ce," ya ce da ya ji ta taɓa murfin. "Kullum sai ta kawo, Allah ya saka mata. Amma ba ta zama. Ko gaisuwar kirki ba ma gamawa ta fice."

*

Mai Burodi yana zaune a kan benci a wajen get, hula a gwiwa. Kullum yake zuwa ya zauna yana kallon motarsa ta cikin ƙarafuna, don a gida bai gaya wa yara an dakatar da shi ba.

"Ranki ya daɗe, da na kau da kai na wuce, yau ina bakin aikina," ya ce. "Abin da ke hana ni barci ke nan. Ba sharrin ba. Yadda nake jin da na sani a kan na taimaki mutum."

Malama ta shiga ta haska lotsawar. Cikinta ya yi tsatsa har fenti ya ɓare, tsohon ciwo ne. Ta tsaya a jikin motar ta gwada: bamban ya kai mata cinya. Da wannan ce ta bugi tsoho, ba ƙasan gwiwa zai karye ba. Abin da ya same shi gajere ne, mai tafiya ƙasa-ƙasa.

Maigadi ya matso yana leƙen abin da take yi.

"Baba Maigadi, ka ce ba motar da ta shiga ko ta fita."

"Ko a gaban alƙali."

"Wadda ba ta fita ba fa? Wadda ta zagaya a ciki ta koma?"

Ya sosa ƙeya. Daga ɗakinsa ba a hango bayan bene, shi da kunne yake gadin can. Da ta ambaci motar Likita sai ya rage murya.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma yaron nan Dogo, shi da uwarsa sun yi ta sa-in-sa kan sayar da motar nan, har waje ana ji. Ya ce ba za a sayar ba. Kin san samarin yanzu da mota."

*

Ta sami Dogo a garejin washegari, ta ce za ta sake duba ƙasan motar. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Kai kake fita da ita da asuba?"

Ya dube ta kamar ta mare shi. "Ni? Anti, ranar da abin nan ya faru ma ba na gari, wurin aiki suka tura ni. Ki tambayi kowa."

"An ce ba ka so a sayar."

"Ba na so. Ban kuma san abin da ya shiga kan Mama ba. Da ko ƙura ba ta bari ta hau tamfol ɗin nan, rana ɗaya ta tashi ta ce a rabu da ita ko nawa ne. Amma tuƙawa? Ba na iya zama a wurin Baba. Ranar da na buɗe wa Kawu ma da ƙyar na shiga, gwiwata ta daki sitiyari. Sai da na danna lamba ɗaya kujerar ta koma."

Malama ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

A jikin ƙofar direba akwai 'yan maɓallai biyu. Manyan motoci irin wannan suna riƙe zaman mai su: ka daidaita kujera da madubai yadda kake so, ka ajiye a lamba, duk ranar da ka danna sai komai ya koma wurinsa. Lamba ɗaya ta koɗe saboda yatsan Likita, wanda shi ma dogo ne kamar ɗansa.

"Ta biyun ta wace ce?"

"Ba ta kowa ba. Baba ba ya ba da aron motarsa. Mama kuwa ko keke ba ta taɓa hawa ba."

"Je ka ce mata mai saye yana son makulli na biyu."

Da ya fita ta zauna ta danna. Kujerar ta yi 'yar ƙara, ta taho gaba a hankali, ta taho, ta ɗaga sama. Sitiyari ya sauko. Madubai suka sunkuya. Malama, wadda duk motar da ta shiga sai ta zame bakin kujera, ta ji ƙafarta ta sauka kan burki daidai, bayanta a jingine.

Ta daɗe a zaune, hannu a cinya. Ta so a ce Dogo ne. Saurayi da ganganci abu ne da kowa ya san yadda zai yi da shi. Sannan ta danna lamba ɗaya ta fito.

Dogo ya dawo ya ce Mama ta ce makullin ya ɓata.

*

Falon Matar Likita tsaf yake, hoton marigayin a bango, tabaransa har yanzu a kan tebur. Ita kanta 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin murya. Da ta miƙe kawo shayi, Malama ta lura tsayinsu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

"Motar ta yi miki?" ta tambaya, idonta a kan kofi.

"Ban taɓa ganin wadda aka ajiye ta daɗe haka batirinta bai lalace ba. An kula da ita, Maman Dogo."

"Likita mutum ne mai kula da kayansa."

"Allah ya jiƙansa. Amma batir ba ya cin kulawar bara."

Cokalin da ke hannun matar ya tsaya.

"Gobe Asabar," Malama ta ce a hankali. "Mai Burodi yana da yara. Kullum yana fitowa da kayan aiki don kada su gane. Ni baƙuwa ce a gidan nan, mota aka kira ni in duba, kuma na duba. Na fi so a ji daga bakin da ya dace, ba nawa ba."

Matar Likita ta gyara mayafi.

"Shayinki zai huce," ta ce.

*

Ranar Asabar da hantsi aka jera kujerun roba a bayan bene. Ciyaman ya zauna a tsakiya da babbar riga. Mai Burodi yana tsaye shi kaɗai a jikin bango. Mata sun cika tagogi. Matar Likita tana can ƙarshen layi, Dogo a bayanta.

Ciyaman ya yi gyaran murya zai fara, Malama ta ce a yi mata afuwa, ƙanenta zai sayi mota, ita kuma ba ta yarda da motar da ba ta ga tafiyarta ba. Minti kaɗan take roƙo.

"Malama, muna maganar ran mutum, kina maganar ciniki?"

"Ranka ya daɗe, ka bar ni in yi rashin kunyar nan sau ɗaya. A fito da Baba ya sha iska."

Aka ɗauko Baba Tela a kujera aka ajiye shi nesa da hanya, bayansa ga garejin. Malama ta shiga motar, ta zame bakin kujera, ta sa ribas. Baƙar motar ta sulalo waje kamar ana jan ta da zare. Mutane suna ta surutu, rabinsu ba su ma san ta fito ba. Tsakuwa ta yi ƙaras-ƙaras.

Tsohon ya ƙanƙame hannun kujera.

"Shi ne! Ku yi shiru! Wallahi shi ne, sauron nan!"

Wuri ya yi tsit. A cikin shirun kowa ya ji shi, siririn kukan lantarki da ba wanda ya taɓa kula da shi. Malama ta tsaya, ta fito, ta nuna musu bamban da ya saki, ta gwada tsayinsa da ƙafar Ciyaman: ƙasan gwiwa.

Ba a ɗauki lokaci ba idanu suka sami sabon wurin sauka.

"Dogo!" wata ta ce daga taga. "Dama na faɗa!"

"Ke kin faɗi ta Mai Burodi ma," wani ya amsa mata.

"Ba na gari!" Dogo ya ɗaga murya. "Ku tambayi..."

"Makulli a gidanku yake," in ji Ciyaman, har ya juya kujerarsa. "Uwarka ba ta tuƙi. Saura wa? Ka bar bawan Allah yana shan zagi, kana shiga kana fita?"

Malama ta san haka za ta faru, kuma ba ta ji daɗin kanta ba. Ta bar ƙofar direba a buɗe, ta ɗora yatsa kusa da maɓallan, ba ta danna ba. Ta ɗaga kai ta dubi ƙarshen layi.

Matar Likita ta miƙe. Ta ratso tsakanin kujeru, ba ta kalli kowa ba. Da ta iso, Malama ta janye hannunta. Matar ta sunkuya ta danna lamba biyu da kanta.

Kujerar ta taho gaba, ta ɗaga. Madubai suka sunkuya. Ta tattare mayafi ta shiga ta zauna, hannayenta suka sami sitiyari ba tare da ta nema ba.

"Mama?" in ji Dogo.

"Babanka ne ya koya mini," ta ce, tana kallon gilashin gaba. "Da jikinsa ya fara ƙi. Ya ce in dare ya yi masa tsanani kana wurin aiki, wa zai kai shi? Da asuba muke yi, a nan bayan, kafin kowa ya tashi. Na ce kada ya gaya wa kowa, tsofai-tsofai da ni a ce ina koyon mota. Shi ya daidaita mini kujerar nan." Ta shafa gefenta. "Ya ce ko bayan ransa kada in bar ta ta daɗe a kwance, batirinta ba ya son zama. Shi ya sa nake fito da ita, in kai ƙarshen igiyoyin shanya in dawo. Ba ta da ƙara. Na ɗauka ba wanda zan dama."

Ta riƙe sitiyarin, ta ci gaba.

"Rannan ina ja da baya, ina neman madubi, na ji na taɓa abu. Na gan shi a ƙasa. Sai na ji motar burodi a get, na ce ga mai taimako ya zo, na koma ciki na rufe. Na ce in hankalina ya dawo zan faɗa. Kullum sai in ce gobe. Da na ga ba zan iya kallonta ba, na ce a sayar."

Sai a nan muryarta ta karye.

Baba Tela ya juyo da fuskarsa wajen muryar.

"Likita ne ya ce in riƙa zagayen nan saboda jinina," ya ce. "Kin ga ashe mu biyu duk umarninsa muke bi. Ƙafa za ta ɗore, Maman Dogo, ni ba na kai ki ko'ina. Amma abincin nan da kike ta kawo mini, kin kuskure ƙofa. Ga wanda ya kwana da yunwa can a jikin bango."

Ciyaman ya laluba aljihu ya ciro makullin motar burodi. Ya rasa yadda zai miƙa shi, sai ya tashi da kansa ya taka har bango.

"Malam, ka yi haƙuri. Kuskure ne aka..."

"Ba a yi ba, ranka ya daɗe, kun yi." Mai Burodi ya karɓi makullinsa. "Ka kira gidan burodi yanzu, a gabana. Ka gaya musu da bakin da ka gaya musu na farko."

Ciyaman ya ciro waya. Matar hawa na uku ta saki labulenta.

Matar Likita ta fito daga motar ta nufi Mai Burodi. Ta tsaya a gabansa, ta rasa ta inda za ta fara. Shi ma bai sauƙaƙa mata ba, ya tsaya yana juya makulli a hannu yana jira. Dogo ya zo ya tsaya kusa da uwarsa, bai taɓa ta ba, bai kuma matsa ba.

Auta ya raɓo kusa da Malama yana raɗa.

"Yaya... to yanzu in saya ko kada in saya?"

"Motar ba ta da laifi. Batir lafiya, inji lafiya, tayoyin baya ne suka kusa. In ka saya, ka sa a ɗaura mata 'yar ƙarar gargaɗi, kuma ka riƙa waiwayawa da wuyanka." Ta zare igiyar tabarau ta sa a jaka. "Amma ba yau ba. Wadda ta ce a sayar tsoro ne ya sa ta. Ka bari tsoron ya wuce, sannan ka sake tambaya. In ta ce a'a, ka haƙura."

"Haba Yaya, irin wannan mota..."

"Je ka kama wa Baba kujera, rana ta iso shi."

Ya tafi yana gunaguni. Mutane sun yi dafifi a jikin bango, kowa yana so a ji cewa shi dama bai taɓa yarda da zargin ba. Ciyaman yana ta "e, ranka ya daɗe, kuskurenmu ne" a waya. Malama ta tsaya tana kallon 'yar ƙaramar matar da ta tsaya a tsakiyarsu, kanta a sunkuye. Gaskiya ta fito, mutum ya koma bakin aikinsa, amma ba ta ji kamar wadda ta ci nasara ba.

Ta miƙa hannu cikin motar ta kashe ta, don ba wanda ya lura har yanzu a kunne take. Ta ajiye makullin a kan kujera, ta tura ƙofar a hankali. Sannan ta bi ta bayan zannuwan da aka shanya, ta fita ta ƙaramar ƙofa. Sa'ad da ta ji muryar Mai Burodi daga nesa yana tambaya ina matar nan mai tocila, ta riga ta kai bakin titi tana tsayar da motar haya.